Masu Sauraren Boila

A Ingila, daga Nuwamba zuwa Maris, rayuwar gida tana rataye ne a wuyan wani farin akwatin ƙarfe da ke maƙale a bangon kicin ko ɓoye cikin kabad. Boila ke nan, tukunyar da ke ƙona iskar gas ta dafa ruwa, famfo kuma ya tura ruwan cikin bututai zuwa lagiretocin da ke jikin bangon kowane ɗaki. Ita ce kuma ke ba da ruwan wanka. Ranar da ta ƙi kunnuwa, kafin hantsi sanyi ya ratsa gidan, yara na rawar ɗari, tsofaffi kuwa abin kan kai su ga kwanciya asibiti. Ɗalibanmu da ke kama haya a tsofaffin gidajen Manchesta ko Bamingam sun san wannan safiya sarai.

Abin da ke burge ni game da ƙwararren mai gyaranta shi ne ba ya fara da sukundireba. Tambaya yake farawa da ita. Yaushe ta tsaya? An ɗauke wuta jiya? Murhun girki yana kamawa? Wannan ta ƙarshen tana da nauyi, domin in murhu ma bai kama ba, laifin ba na boila ba ne: ko kuɗin mitar kati ya ƙare, ko wani ya juya hannun da ke kusa da mita ya rufe gas. Sai ya leƙa allurar da ke nuna ƙarfin ruwa. Ya kamata ta tsaya tsakanin 1 da 1.5 a ma'aunin "bar" idan bututai sun huce. In ta faɗi ƙasa sosai, boiloli da yawa ba za su yarda su kama wuta ba. Ya duba fis, ya duba agogon da ke tsara lokacin kunnawa, ya duba batirin na'urar auna zafin ɗaki. Kira da yawa a nan suke ƙarewa, ba a kwance ko noti ɗaya ba.

In duk wannan lafiya lau, sai ya kunna ta, ya yi shiru, ya kasa kunne.

Dalilin shirun shi ne boila ba ta kama wuta sai ta bi matakai a jere, kuma kowane mataki sai ya ba na gabansa izini. A irin masu fanka, famfo ne ke fara motsi. Fanka ta tashi ta kore iskar da ta kwana a ɗakin ƙonawa. Wani ɗan makunni da ke jin ƙarfin iska ya yi ƙyas, shaidar cewa bututun hayaƙi a buɗe yake. Sannan ne tartsatsi zai fara tas-tas-tas, bawul ɗin gas ya buɗe, wuta ta kama da ɗan gurnani. Mai gyara ya haddace wannan jeri, don haka inda sautin ya yanke, nan zai nufa. Fanka ba ta tashi ba? Ko ta cije, ko allon lantarkin da ke sarrafa boilar bai aika mata wuta ba, kuma na'urar auna lantarki ce za ta raba gardama. Fanka na juyawa amma babu ƙyas? Ya duba siraran robobin da ke kai iska ga makunnin, waɗanda shekaru ke busarwa har su tsage, ya kuma fita waje ya ga ko ganye ko sheƙar tsuntsu ta toshe bakin bututu. Akwai tartsatsi amma babu wuta? Ya auna gas ɗin da ke isowa, wanda a gidajen Birtaniya ke kusa da milibar 20.

Matsalar da ta fi ruɗa wanda bai sani ba ita ce wuta ta kama, ta yi 'yan daƙiƙoƙi, ta mutu. Harshen wuta yana iya ɗaukar lantarki kaɗan, kuma da wannan ake tabbatar da cewa yana nan. Akwai wata siririyar sanda da ke tsaye cikin wutar, allon lantarki yana jiran ɗan abin da zai ratsa ta, 'yan maikro'amfa kawai. In sandar ta yi datti, ko farin tangaran da ke riƙe da ita ya tsage, ko wayar ƙasa ta saki, wuta na ci bal-bal amma allon bai gan ta ba, sai ya datse gas. Mai gaggawa zai ce allon ya lalace, ya sa maigida sayen sabo da tsada. Gwani kuwa yakan goge sandar, ya gyara zamanta, ya auna, shi ke nan.

Ni dai tsofaffin boiloli na can baya sun fi jan hankalina, irin su Baxi Bermuda da ake ɓoyewa a bayan murhun falo, ko Ideal Mexico mai zama a ƙasa. Waɗannan ba su da allon lantarki. Suna da ɗan harshen wuta da ba ya mutuwa dare da rana, wanda babbar wuta ke kamawa daga gare shi. Kusa da shi akwai tamokoful, sanda ce da aka haɗa ƙarfe iri biyu a bakinta. Idan bakin ya yi zafi, sai ta haifar da lantarki da bai wuce milibolt 30 ba, abin da Bajamushe Thomas Seebeck ya gano tun 1821. Ɗan lantarkin nan ya isa ya riƙe wani ƙaramin maganaɗisu da ke barin ƙofar gas a buɗe. Iska ta hure wutar, sanda ta huce, maganaɗisu ya saki, ƙofa ta rufe kanta. Babu batir, babu kwamfuta, wutar ce da kanta ke riƙe da ƙofarta.

Shi ya sa ake danne maɓalli na kamar daƙiƙa 30 bayan an kunna. In an ɗaga yatsa wutar ta mutu, kowa zai ce tamokoful ta ƙone, kuma sau da yawa haka ne, kayan ma ba tsada. Amma gwani sai ya duƙa ya kalli harshen tukuna. Shuɗi ne mai ƙarfi, yana lulluɓe bakin sandar? Ko ya yi laushi, ya yi rawaya, yana lilo a gefe? In haka ne, ƙura ce ta toshe ɗan ramin da gas ke fitowa, kuma ko an sa sabuwar sanda ba za ta ji zafi ba. Wani lokaci ma notin da ya haɗa ta da bawul ne ya ɗan saki, ko makunnin da ke tsare boila daga zafi fiye da kima ya yanke layin.

A nan ne amana ke shigowa cikin sana'ar. Kusan duk abin da ke hana boila kunnuwa mai gadi ne da aka sa da gangan, kuma da guntuwar waya ana iya tsallake shi ta kama nan take. Mai gyara na gaskiya ba ya yi, komai roƙon masu gida. Idan bututun hayaƙi ya toshe aka tilasta mata ci, abin da zai cika ɗaki shi ne kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutane cikin barci. Birtaniya ta sha darasin gas da tsada: a Mayun 1968 fashewar gas ta rushe kusurwar benen Ronan Point a gabashin Landan, mutum huɗu suka rasu. A 1970 aka kafa CORGI don rajistar masu aikin gas, a 2009 Gas Safe ta gaje ta. Yau laifi ne mutum ya yi wa jama'a aikin gas ba ya cikin rajistar, kuma doka ta wajabta wa mai ba da haya ya sa a duba kayan gas na gidansa kowace shekara. Ɗan haya na iya duba mita, allurar ruwa da batir, ya danna maɓallin sake kunnawa sau ɗaya ko biyu. In ya ji warin gas, ya buɗe tagogi, kada ya taɓa makunnin lantarki, ya fita ya kira lambar gaggawa ta gas, 0800 111 999. Murfin boila kuwa ba nasa ba ne.

Ko bayan wuta ta kama, mai gyara bai tattara kaya ba. Zai zura na'ura cikin bututun hayaƙi ya auna abin da ke fita, ya tabbatar babu inda gas ke tsiyaya, ya duba ƙofar iskar da tsofaffin boiloli ke shaƙa daga ɗaki, wadda masu gida kan toshe da tsumma don gudun sanyi. In ya ga haɗari na nan take, zai nemi izinin maigida ya datse gas ɗin, ya liƙa takardar gargaɗi a jikin boilar, ko da dusar ƙanƙara na zuba a waje.