Arjuna a Ajin Lahadi

A da, yaron Hindu a gida yake tsintar addininsa: kaka na ba da labarin Rama da Sita, uwa na kunna fitilar ibada, bukukuwa na zuwa suna wucewa. Karatun littattafan Veda kuwa na 'ya'ya maza ne daga manyan dangogi uku, bayan an rataya musu zaren tsarki sun tare a gidan malami. Aji mai jadawali da ke haɗa samari da 'yammata baƙon abu ne. Cikin waɗanda suka kafa shi babu kamar Swami Chinmayananda, mutumin Kerala, tsohon ɗan jarida, wanda ya fara karantar da littattafan Upanishad da Turanci a birnin Pune a 1951. Almajiransa suka kafa Chinmaya Mission a 1953, daga cikinta aka samu Bala Vihar na yara, sannan Chinmaya Yuva Kendra na matasa a 1975.

Tsarin ya samu karɓuwa sosai a wurin Indiyawan Amurka, inda babu kaka a gida, makwabta kuma ba su san bikin Diwali ba. Duk Lahadi a kai yara: ƙanana su ji labarai, na tsakiya su shiga Mahabharata, manya su ɗauki Bhagavad Gita. Kowace shekara akwai gasar karatun Gita da ka, inda alƙalai ke sauraron ingancin furucin Sanskrit, kusan yadda ake yi a musabaƙarmu.

Ga ƙananan yara abin ya yi. Matsalar tana soma ɓullowa ne idan yaro ya kai shekara sha biyar, ya fara cewa "me ya sa?" Abin mamaki, Gita kanta daga irin wannan tambayar ta samo asali. Baitocinta 700, a babi 18, hira ce tsakanin jarumi Arjuna da Krishna, abin bautar Hindu, a filin daga na Kurukshetra. Arjuna ya hangi kakansa Bhishma da malaminsa Drona a sahun abokan gaba, jikinsa ya mutu, ya ajiye baka ya ce ba zai yi yaƙi ba. Ɗalibi ne mai gardama, kuma Krishna bai tsawata masa ya yi shiru ba, ya bi shi amsa bayan amsa. Amma abin da ya fi sauƙin rubutawa a allo shi ne halaye 26 na ƙwarai da ke farkon babi na 16: gaskiya, kyauta, kamun kai, rashin cutarwa. Sai littafin muhawara ya koma jerin ladubba.

Ka ɗauki labarin Ekalavya, ɗan mafarautan daji da Drona ya ƙi koyarwa saboda asalinsa. Ya ƙera siffar malamin da yumɓu, ya koyi harbi shi kaɗai har ya fi Arjuna, sai Drona ya nemi babban yatsansa na dama a matsayin ladan karantarwa, shi kuma ya yanke ya miƙa. An saba kawo shi a matsayin darasin biyayya ga malami. Matashin da ke da aboki Dalit, wato ɗan waɗanda tsarin dangogi ya ajiye a can ƙasa, ba zai karanta shi haka ba, kuma a ganina shi ke da gaskiya. Haka baitocin babi na 18 na Gita da suka raba wa dangogi huɗu ayyukansu. Amsar da aka fi bayarwa ita ce hali ake nufi, ba haihuwa ba. Fassara ce mai magoya baya, sai dai ba ita kaɗai ba ce: Ambedkar, jagoran Dalit, ya ga littafin garkuwa ce ga tsarin dangogi, Tilak, ɗan gwagwarmayar 'yanci, ya ji kiran tashi tsaye a cikinsa yana kurkukun Mandalay, Gandhi ya ce yaƙin a zuciyar mutum yake. Da wuya a jera wa matashi waɗannan ukun a zama ɗaya, alhali su ne za su riƙe hankalinsa.

Mayar da Gita littafin tarbiyya zalla yana da wani amfani ga 'yan siyasa. Sashe na 28 na tsarin mulkin Indiya ya hana koyar da addini a makarantar da gwamnati ke ɗaukar duk nauyinta. A 2022 jihar Gujarat ta sanar da shigar da Gita manhajar aji 6 zuwa 12, da hujjar ɗabi'u da al'adun ƙasa ake koyarwa. Ƙungiyar Jamiat Ulama-e-Hind ta kai ƙara babbar kotun jihar.