Masu Dakon Dutsen Kamaru

Wanda ya taso daga Duwala a mota ya nufi Limbe, ɗokinsa bai wuce ya taka baƙin yashin bakin teku ba. Ni kuwa zuciyata na can Buea, gindin Dutsen Kamaru mai tsayin sama da mita 4,000, wurin bayin Allah da ke ɗaukar wa mahaya kaya.

Tun da sassafe za ka gan su, da yawansu 'yan ƙabilar Bakweri, sun goya jarkar ruwa da tukunya da barguna. Ruwan nan shi ne babban nauyi, don can sama ba ko'ina ake samunsa ba. Baƙo na haki da 'yar jakarsa, su kuwa tuni sun isa masauki, sun hura wuta, shayi har ya tafasa.

Jagoran tafiya ya san inda hazo ke ɓatar da mutum, ya san tsakuwar da ke zamewa ƙarƙashin ƙafa, domin dutse ne mai aman wuta, ya yi a 1999 da 2000. In numfashinka ya fara sarƙewa, kafin ka buɗe baki ya lura. Sai ya sauke kayansa, ya miƙo maka ruwa, ya ce a zauna tukuna.