Jinjina ga 'Yan Agajin Damina

Da ambaliya ta ci Gummi a watan Agustan 2024, dubban mutane suka wayi gari ba muhalli. Mu mutanen Tsafe mun san wannan tashin hankali: ginin laka ba ya jure kwana uku ana ruwa, rumbu ya rufta, geron bara ya ruɓe.

Kafin motocin hukumar ba da agajin gaggawa ta NEMA su iso, 'yan agaji ne kan fara kai ɗauki: na Red Cross, na Izala, na Fityanul Islam, da samarin gari masu babura. Tabarma, garin kwaki, gidan sauro, maganin gudawa, duk a kansu, cikin taɓo har gwiwa. Ga fargabar 'yan bindiga a hanyoyin ƙauye, ga shi ba albashi. Haka nan suke shiga. Allah Ya saka musu da alheri, Ya tsare hanya.