NVDA, Ɗan Jagoran da Ba Ya Gajiya

Ranar da ƙanena, wanda ya rasa ganinsa tun yana yaro, ya buga wasiƙa da hannunsa a shagona na buga takardu da ke Kajiji, sai da na yi hawaye. Ban taɓa masa linzami ba, ban karanta masa allo ba. NVDA, manhajar da ke karanta wa makafi allo da murya, ita ce ta yi jagora, shi ya sa nake yabonta ko'ina na zauna.

Michael Curran ne ya fara rubuta wannan manhaja a Ostareliya a 2006, James Teh ya kama masa, suka kafa ƙungiyar NV Access a 2007. Dukansu makafi ne. Mai ciwo shi ya san ciwonsa! Kuma kyauta suka bayar, alhali takwararta JAWS sai an zube daloli.

Abin da ya fi tafiya da hankalina shi ne yadda take aiki. NVDA ba kallon allo take yi ba, tambaya take yi. Akasarinta da harshen Python aka rubuta ta, wanda ba ya jin yaren Windows kai tsaye. Sai aka sa ɗan aike mai suna ctypes, ya shiga rumbunan Windows irin su user32.dll ya tambayo: wace taga ce a gaba, mene ne sunanta? Daga nan ta bi ta MSAA ko UI Automation ta tambayi kowane abu: kai maballi ne ko akwatin rubutu? An zaɓe ka ko ba a zaɓa ba? Kafin ƙanena ya ɗaga yatsa daga maballin Tab, murya ta riga ta faɗa masa inda yake. Kai, wannan tafinta ya iya aikinsa!

Ga sauƙin ɗauka. Ana zuba ta a filashi, a saka aljihu. Ya je da ita Bodinga, ya je Sakkwato, kowace kwamfutar Windows aka ba shi sai ya soka ya ci gaba da aiki.

Matasanmu masu koyon Python, lambobinta a buɗe suke, ku shiga ku sha karatu. Ni kuwa na samu abokin aiki: yanzu idan na tafi masallaci, ƙanena nake bar wa shago.