Bencin Baya: Horo, Gafara da Ceto a Majami'un Jalingo

A da yawa daga majami'un Jalingo da suka samo asali daga 'yan mishan, akwai wani benci da kowa ya san ma'anarsa ko da ba a rubuta komai a jikinsa ba. Yana can baya, dab da ƙofa. Wanda dattawan ikilisiya suka sa ƙarƙashin horo nan ne mazauninsa, wata uku ko shida, wani lokaci har shekara, sai ranar da aka sanar an karɓe shi. Kiristan Kachalla Sembe ko na Mayo Gwoi ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan. A ganina, mai son sanin abin da masu bi na wannan gari suka gaskata game da zunubi da gafara da ceto, ya fara duba bencin nan kafin ya saurari wa'azi, domin abin da ake faɗa daga bagade da abin da bencin yake koyarwa ba kullum suke tafiya tare ba.

Al'adar tana da tushe. Ƙungiyar mishan ta SUM, wadda Karl Kumm ya jagoranta, ta shigo ƙasar nan a 1904, ta fara zama a Wase, sannan ta kafu a Ibi da Wukari. A farkon shekarun 1920 Johanna Veenstra ta zauna a Lupwe kusa da Takum, kuma daga wannan aiki ikilisiyar CRCN ta tsiro. A 1923 C. W. Guinter ya buɗe tasha a Bambur, a ƙasar Wurkun, tushen ikilisiyar da ta zama UMCN mai hedikwata a Jalingo. Waɗannan ikilisiyoyi da 'yan'uwansu sun haɗu a tarayyar da yanzu ake kira TEKAN tun 1955. Da aka ƙirƙiro Jihar Taraba a 1991 Jalingo ta zama babban birni, sai ma'aikata suka kwararo daga Takum da Zing da Karim Lamido da Gembu, kowa da majami'ar garinsu a zuciya. Katolika kuwa sun sami dayosis ɗinsu na Jalingo a 1995, Ignatius Kaigama ɗan Kona ya zama bishof na farko. Jukun da Mumuye da Kuteb da Jenjo, Hausa ce ta haɗa su a sujada, da Littafi Mai Tsarki da aka fara buga shi cikakke da Hausa a 1932.

A kan asalin magana duk bakinsu ɗaya ne. Zunubi ya wuce laifin da mutum ya aikata jiya. Hali ne da ɗan Adam ya gada, kuma ba shi da abin da zai biya da shi. Mutuwar Yesu Almasihu da tashinsa su ne fansar. Inda aka rabu shi ne yadda wannan fansa take isa ga mutum. 'Yan CRCN sun gaji katikisim na Heidelberg na 1563, wanda ya kasa koyarwa gida uku: ɓacin mutum, kuɓutarsa, sannan godiyarsa. Ayyukan kirki duk a kashi na uku aka sa su, wato godiya ce ta wanda an riga an cece shi. 'Yan UMCN, magadan John Wesley, sun yarda ceto kyauta ne, amma suna nanata girma cikin tsarki, suna kuma gargaɗi cewa mai bi yana iya ja da baya har ya fāɗi. Ɗan Katolika ya gaskata baftisma tana wanke zunubin gado, abin da ya biyo baya kuma sai ya furta shi a gaban Fada a asirce. Majami'un Fentikos suna kiran mutum ya fito gaba ya miƙa ransa ya sami sabuwar haihuwa nan take. Ko tsohuwar gardamar da ta raba Turai tun zamanin Martin Luther ta lafa sosai: a 1999 Katolika da Lutheran suka sa hannu a Augsburg cewa ta wurin alheri ake kuɓuta, Methodist suka bi sahu a 2006.

To, a takarda ke nan. Ga yadda abin yake a ranar Lahadi.

Magana takan fara ne da raɗe-raɗi, ta kai kunnen wani dattijo ko shugabar Zumuntar Mata. A kira mutum gaban majalisar dattawa, a tambaye shi, ya amsa laifi. Ranar Lahadi bayan sanarwar baiko da ta taron mako, magatakarda ya karanta suna da laifi da tsawon horo. Majami'a ta yi tsit. Idan 'yar mawaƙa ce, ta ajiye rigar mawaƙa. Idan mai koyar da yara ne, a ba wani ajinsa. Mafi zafi shi ne ranar Jibin Ubangiji. Dattawa suna zagawa da faranti, gutsattsarin gurasa da ƙananan kofuna, layi bayan layi, su zo daidai bencin nan su juya. Mahaifiyar yarinyar da ke zaune a kansa tana can gaba cikin anko na zumunta, ta karɓi nata kofi, ba ta iya waiwayowa.

Ba na cikin masu cewa a soke horo. Yana da madogara a Matiyu sura 18, inda aka tsara a fara da jan kunne tsakanin mutum biyu, sannan shaidu, sannan ikilisiya. Bulus ma ya umarci Korantiyawa su ware wani da ya yi abin kunya. Shaidar bangaskiya ta Belgic ta 1561 ta lissafa horo cikin alamu uku na ikilisiyar gaskiya, tare da wa'azi da sakramenti. Ga 'yan tsirarun masu bi na farko a ƙauyukan Muri da Takum, waɗanda idon kowa ke kansu, horo ne ya nuna cewa sabuwar hanyar da gaske ake yin ta. Har yau yana faɗar wata gaskiya da zamani ke son mantawa: abin da mutum ya yi a ɓoye yana taɓa matarsa da 'ya'yansa da jama'arsa. Matar da miji ke duka, sau da yawa majalisar dattawa ce kaɗai wurin da za a tsawata masa ba tare da ta kashe kuɗin kotu ba.

Damuwata ta farko ita ce irin zunuban da bencin yake kamawa. Cikin da aka yi ba aure, auren mace ta biyu, shan burukutu, zuwa wurin boka: kusan kullum su ke nan. Dukansu laifuffuka ne da ido ke gani. Ciki ba ya ɓuya, saboda haka yarinya ta zauna a baya ita kaɗai, saurayin kuwa ya musa, ko ya ce shi ɗan wata majami'a ce, ko ya tafi makaranta a Yola har ƙura ta lafa. Amma ma'aikacin da ya danne fayil ɗin fansho na gwauruwa sai an ba shi na goro, da ɗan kwangilar da ya karɓi kuɗin rijiya bai haƙa ba, da mai hura wutar ƙabilanci lokacin zaɓe, da wuya ka ji an karanta sunansu. Wasu ma su ake kira su buɗe gidauniya ranar bikin godiya. Yaron da ya tashi yana kallon wannan, me zai ɗauka zunubi ne? Zai ɗauka abin kunya ne da aka kama mutum da shi, musamman idan ba shi da galihu. Annabawa irin su Amos ba haka suka auna ba; zaluntar matalauci suka fi yi wa kuka.

Ta biyun ta fi zurfi, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Saurari yadda mutane ke magana: ta gama horonta, saura masa wata biyu, an sake shi. Yaren gidan yari ne wannan. A hankali watannin sun zama farashi, kamar gafara bashi ce da ake biya kashi-kashi har a cike. Ikilisiyar da ke wa'azin cewa ceto kyauta ne ta wurin bangaskiya, sai ga ta tana koya wa 'ya'yanta a aikace cewa da zaman benci ake saye. Fastoci za su ce ba haka ake nufi ba, lokacin na gwada gaskiyar tuba ne, kuma na yarda da niyyarsu. Sai dai wanda ke zaune a bayan, idan wata shida suka wuce ba dattijon da ya taka ƙafa gidansa ya yi addu'a da shi, abin da zai fahimta hukunci ne kawai. Bulus ɗin da ya ce a ware mai laifi, shi ne a wasiƙarsa ta biyu ga Korantiyawa ya roƙa a gafarta wa wanda aka hukunta a ƙarfafa shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Uban ɗan nan ɓatacce na Luka sura 15 kuma bai yanka wa ɗansa wa'adi ba kafin ya rungume shi.

Zaman birni ya ƙara dagula lamarin. A ƙauye majami'a ɗaya ce, dole a zauna a jure. A Jalingo kuwa kuɗin Keke Napep ya isa ya kai mutum wata majami'a inda ba wanda ya san shi, ya fito gaba, a tafa masa. Ya sami sauƙi, amma wanda ya cuta yana nan da ciwonsa. Furci a asirce na Katolika yana kare mutuncin mai tuba fiye da sanarwar magatakarda, wannan gaskiya ne, amma shi ma yana iya barin mutum bai fuskanci wanda ya zalunta ba idan Fada bai matsa masa ba.

A nan ne maƙwabta Musulmi, da ake gaisawa da su kullum a layukan Kachalla Sembe, suke da abin tunasarwa. Ba su yarda da zunubin gado ba, ba su kuma yarda wani zai ɗauki laifin wani ba; wannan bambanci ne babba da bai kamata a shafe shi ba. Amma sun riƙe cewa haƙƙin ɗan Adam sai an mayar ko mai shi ya yafe. Bishara ma tana da wannan: Zakka mai karɓar haraji na Yariko, da ceto ya shigo gidansa, dukiyar mutane ya yi alkawarin mayarwa ninki huɗu. Mayar da haƙƙi shi ne shaidar tuba, kuma shi ne abin da horonmu ya fi sakaci da shi.

Ikilisiyoyin kansu suna da bukatar wannan darasi. A 2024 UMCN ta tsage, Bishof John Wesley Yohanna da magoya bayansa suka koma Global Methodist, aka shiga jayayya kan gine-gine da kadarori. A watan Disamba na shekarar rikicin ya ci rayuka a Munga Dosso ta ƙaramar hukumar Karim Lamido, har da ƙananan yara. Mutanen da suka sha kofi ɗaya shekara da shekaru ne. Da wane baki za mu ce wa yarinya 'yar shekara goma sha bakwai ta tuba a gaban jama'a, alhali manya sun kasa neman gafarar juna?

Iyayenmu dattawa da fastoci, roƙona gare ku ne. Kafin a karanta sunan kowa, a bi matakan Matiyu 18 tun daga na farko. Idan ciki ne, a nemo namijin, ko a wace majami'a yake. A tambayi mai cin haƙƙin mutane yadda ake tambayar mai shan giya, a sa shi ya mayar. Duk wanda aka sa ƙarƙashin horo, a ba shi dattijo ko uwa a Zumuntar Mata da za ta riƙa zuwa gidansa kowane mako. Ranar karɓarsa kuma, fasto ya faɗa wa jama'a a fili cewa Allah ya gafarta masa tun ranar da ya tuba, sannan ya sauko da kansa ya kamo hannunsa zuwa teburin Jibi.