Zauren Facebook: sharhi a kan shafin rajista

Gabatarwa

Shafin farko da sabon shiga yake tararwa shi ne zauren manhaja: nan ake tarbar baƙo, nan kuma wani baƙon yake juyawa. A wannan ɗan sharhi za mu duba shafin rajista na Facebook, manhajar da ta sami fassarar hausa a 2016. A ganinmu, an fassara kalmomi, amma tambayoyin ba su bar Amurka ba.

1. Suna

Shafin yana da gurbi biyu, waɗanda faransanci ke kira prénom da nom. Bahaushe kuwa ba ya gadon sunan dangi. Yana da sunan yanka, sannan sunan uba, kuma sau da yawa an fi saninsa da laƙabi, kamar Tanko, Ladi ko Ɗanjuma. Wanne zai sa a wane gurbi? Ga kuma matsalar rubutu: wanda ya yi lakwal zai rubuta Dan Djouma, abokinsa na Katsina ya nemi Ɗanjuma, su saɓa.

2. Ranar haihuwa

Ana neman rana da wata da shekara. Amma dattijai da dama a karkarar Maradi, Damagaram da Tawa, takardunsu né vers suka ce, wato shekara kawai, ita ma ƙiyasi. Sai su zaɓi 1 ga Janairu don a bar su su wuce. Ke nan darasin farko da manhajar ta koya musu shi ne ƙage.

3. Wakilin suna

Nan ne aikin masanin harshe. Mu duba:

(1) Rubuta sunanka.
(2) Rubuta sunanki.
(3) Ku rubuta sunanku.

Ingilishi da faransanci ba su tilasta wannan zaɓi, hausa kuwa tana tilastawa, alhali ana tambayar suna tun manhajar ba ta san jinsin baƙonta ba. Misali na (1) ya bar mata a waje, na (2) ya bar maza. Mun fi son na (3), domin «ku» na girmamawa ya haɗa kowa, kuma haka ake yi wa baƙon da ba a sani ba magana.

Kammalawa

A 2025 Nijar ta ayyana hausa harshen ƙasa, saboda haka wannan batu ya wuce gyaran fassara. Muna ba da shawara huɗu: gurbi ɗaya na suna, karɓar shekara ita kaɗai, amfani da «ku», da umarni na murya ga wanda bai yi boko ba. Tsara tambayar kanta ya kamata a kira masana harshe a kai, tun ba a kai ga fassara ba.