Sirri da Gaskiya a Labaran Al'ajibai na Bisharar Markus

Bisharar Markus, wadda galibin manazarta ke ganin an rubuta ta da Girkanci wajen shekara ta 70 Miladiyya, tana da wata ɗabi'a mai ɗaure kai. Sau da yawa idan Yesu ya warkar da mutum, sai ya hana shi bayyana wa kowa. Haka ya yi da kuturu (1:44), da iyayen ɗiyar Yayirus (5:43), da waɗanda suka kawo masa kurma (7:36). Tambayar da wannan takarda ta ɗauka ita ce: shin wannan ɓoyo ya saɓa wa gaskiya?

A 1901 wani Bajamushe, William Wrede, ya fitar da littafi a kan wannan batu. A ganinsa, umarnin yin shiru bai fito daga tarihin rayuwar Yesu ba. Ya samo asali ne daga Kiristocin farko, waɗanda ke neman bayanin dalilin da ya sa ba a san Yesu da matsayin Almasihu ba sai bayan tashinsa. Babbar hujjarsa ita ce 9:9, inda aka ɗora wa shirun wa'adi, wato har zuwa tashin daga matattu. Labarin Yayirus ma yana ƙarfafa masa gwiwa, domin gida cike yake da masu makoki. Ta yaya za a ɓoye yarinyar da aka gama yi wa kuka, ga ta kuma tana tafiya tana cin abinci?

Sai dai Wrede ya haɗa abubuwa mabambanta a tukunya ɗaya. Kuturun da aka ce ya yi shiru, an kuma tura shi wurin firist domin a duba shi bisa shari'ar Musa, wato wurin mai tabbatar da shaida. Mai son rufe hujja ba ya yin haka. Mutumin ƙasar Garasinawa kuwa cewa aka yi ya koma gida ya ba da labari (5:19). A gaban babban firist, lokacin da amsar za ta jawo hukuncin kisa, Yesu ya amsa kai tsaye (14:62). Babu wurin da ya musanta abin da ya aikata. Jinkirta magana ya yi.

Ɗalibin Hausa zai lura da tarkon fassara a nan. Kalmar "asiri" tana nufin abin ɓoye, tana kuma nufin sihiri, alhali "rufin asiri" kare mutunci ne. Mai fassara batun Wrede da "asiri" yana iya shigar da zargin tsafi, zargin da malaman Attaura suka yi wa Yesu a 3:22. "Sirri" ya fi tsabta.

Gaskiyar marubucin kansa ta fi fitowa ne a abubuwan da bai goge ba. Ya faɗa cewa a garinsu Yesu bai iya yin wani al'ajibi ba, in ban da 'yan marasa lafiya kaɗan (6:5). Matiyu ya sassauta wannan zuwa cewa bai yi da yawa ba (13:58). Makahon Betsaida bai warke a taɓawar farko ba, mutane yake gani kamar itatuwa, sai da aka sake (8:22-26). Matiyu da Luka duk ba su kawo wannan labari ba.